Ciwon ƙoda da ciwon damuwa: Abin da horon tattara hankali ke iya yi wa majinyaci

Mai ciwon ƙodar da ya kai matakin wanki yakan shafe kimanin awa huɗu a kan kujera ko gado, jininsa na fita ta wata allura, ya ratsa na'ura, ya dawo ta wata. Idan da hali, sau uku ake so a yi haka a kowane mako. A tsawon waɗannan awanni jiki a zaune yake, amma zuciya ba ta zama. Tana lissafin kuɗin wanki na gaba, tana tuna shagon da aka rufe ko ofishin da aka daina zuwa, tana tambayar wa zai riƙe yara idan ta Allah ta kasance. Likitoci sun daɗe da gano cewa a cikin kowane mutum biyar masu ciwon ƙoda mai daɗewa, aƙalla ɗaya na ɗauke da ciwo na biyu wanda ba kasafai ake duba shi ba, wato ciwon damuwa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake gwadawa domin sauƙaƙa wannan ciwo na biyu ita ce horon tattara hankali, wanda Turawa ke kira mindfulness. Horo ne da ake koya wa mutum yadda zai dawo da hankalinsa kan halin da yake ciki a yanzu, maimakon ya bar zuciya ta yi ta saƙa da warwara. Ba ya gyara ƙodar da ta lalace, kuma ba ya maye gurbin likita. Amfaninsa yana da iyaka, sai dai ba ya cin kuɗi, ba ya ƙara wa ƙoda nauyin magani, kuma ana iya yin sa a kan kujerar wankin kanta.

Mene ne ciwon ƙoda mai daɗewa?

Ƙoda biyu ke jikin ɗan'adam, kowacce na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar wa jiki da kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ban da fitar da datti, ƙoda na daidaita gishirin jiki da bugun jini, tana taimakawa wajen ƙarfin ƙashi, kuma tana samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Ana cewa ciwon ƙoda ya zama mai daɗewa idan lalacewar ta wuce wata uku. Likitoci sun kasa shi mataki biyar bisa ma'aunin ƙarfin tacewa da ake samu daga gwajin jini. Idan ma'aunin ya tsaya ƙasa da 60 har tsawon wata uku, ciwon ya tabbata. Idan ya faɗi ƙasa da 15, an kai mataki na biyar, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Manyan musabbabansa a duniya su ne ciwon suga da hawan jini. A Najeriya ana ƙara da kumburin matatan ƙoda, da sikila, da yawan shan magungunan kashe zafin ciwo barkatai, da wasu haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba. A yankin Gashuwa da wasu garuruwan bakin kogin Yobe an daɗe ana kukan yawan ciwon, kuma masana na ci gaba da binciken dalilinsa.

Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 850 ke ɗauke da wani nau'in ciwon ƙoda. Mafi yawansu ba su sani ba, domin ciwon ba ya nuna alama sai ya yi nisa.

Inda damuwa ke shigowa

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Likitoci na kiran sa ciwo ne idan mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar abubuwan da a da suke faranta masa rai, tare da wasu alamu kamar rashin barci, rashin cin abinci, kasala, kasa tsayar da tunani, ganin kansa ba shi da amfani, da yawan tunanin mutuwa.

A shekarar 2013 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Suetonia Palmer, likitar ƙoda daga ƙasar New Zealand, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama a kan yawan wannan ciwo tsakanin masu ciwon ƙoda. Inda ƙwararre ya zauna ya yi wa majinyaci tambayoyi baki da baki, an samu kusan kashi 23 cikin 100 na masu wankin ƙoda suna da ciwon damuwa, da kusan kashi 21 cikin 100 na waɗanda ba su kai ga wanki ba. Inda kuwa aka ba majinyata takarda suka cike da kansu, adadin masu wanki da suka nuna alamun ya kai kashi 39 cikin 100.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai na jiki: dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin jini na kawo kasala, ƙaiƙayi da ciwon ƙafafu na hana barci. Akwai na rayuwa: magidancin da ya saba ciyar da gida ya koma ana ciyar da shi, ɗan kasuwa ya ga jarinsa na narkewa a asibiti, ma'aikaciya ta ga albashinta bai kai kuɗin wankin wata guda ba. An hana mutum gishiri da kanwa, an taƙaita masa ayaba da tumatir da dabino saboda sinadarin fotasiyom, an auna masa ruwan da zai sha ko da a tsakiyar bazara ne. Ga kuma nauyin zuci na ganin dangi na sayar da gona ko fili saboda shi.

Abin da ya sa likitoci ke ɗaukar lamarin da muhimmanci shi ne damuwa na shafar yadda ciwon ƙodar kansa ke tafiya. A wani bincike da Susan Hedayati da abokan aikinta suka wallafa a 2010, an bi diddigin majinyata 267 a birnin Dallas na Amurka, waɗanda ba su fara wanki ba, har tsawon shekara guda. A cikin masu ciwon damuwa, kashi 61 cikin 100 sun kwanta asibiti, ko sun fara wanki, ko sun rasu. A cikin marasa shi, kashi 44 ne. Wanda zuciyarsa ta karaya shi ne mai tsallake ranar wanki, mai mantawa da maganin hawan jini, mai cewa a bar shi ya sha ruwansa tun da dai mutuwa ɗaya ce.

Bambance damuwa da gajiyar ciwo

Wahalar gano ciwon damuwa a jikin mai ciwon ƙoda ita ce alamominsu sun yi kama. Kasala, rashin cin abinci da rashin barci duk ciwon ƙoda kaɗai na iya kawo su. Don haka ƙwararru sukan fi lura da alamun zuci: yanke ƙauna, zargin kai, janyewa daga mutane, daina jin daɗin ganin jikoki ko zaman majalisa, da fatan mutuwa ta zo a huta.

Akwai wata gajeriyar takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ma'aikacin jinya zai iya cikewa tare da majinyaci cikin 'yan mintuna. Makinta na tashi daga 0 zuwa 27, kuma wanda ya samu 10 ko fiye ana so ƙwararre ya ƙara duba shi. Takardar ba ita ke yanke hukunci ba. Kafin a ce damuwa ce, likita kan duba ko wankin na wadatarwa, ko jini ya yi ƙasa, ko wani magani ne ke kawo mutuwar jikin.

A gidaje da yawa ba a kawo maganar ko kaɗan. Majinyaci na jin kunyar a ce ya kasa haƙuri da jarrabawa, dangi kuma na ganin ai duk wanda ke cikin irin wannan hali dole ya yi shiru. Da haka ciwon da ke da magani yakan shige a matsayin ɗabi'a.

Iyakar ƙwayoyin magani

Magungunan damuwa na taimakon mutane da yawa, amma a wajen mai ciwon ƙoda sai an yi taka-tsantsan. Ƙoda ce ke fitar da wasu magunguna daga jiki, idan ta yi rauni sai su taru. Wasu na taɓa bugun zuciya, wasu na ɗaga jini, ga shi majinyacin dama yana shan ƙwayoyi masu yawa a kullum.

Bincike biyu sun yi fice a wannan fage. A 2017 Hedayati ta wallafa sakamakon gwajin maganin sertraline a kan majinyata 201 waɗanda ba su fara wanki ba. Rabi sun sha maganin, rabi sun sha ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Bayan mako 12 babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin rukunin biyu wajen sauƙin damuwa, sai dai masu shan maganin sun fi fama da tashin zuciya da gudawa. A 2019 kuma Rajnish Mehrotra da abokan aikinsa suka gwada maganin a kan masu wanki 120, suka kwatanta shi da jinyar gyaran tunani da ake yi ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. Dukkan rukunin biyu sun samu sauƙi. Masu shan maganin sun ɗan fi, amma sun fi samun illoli.

Wannan ne ya sa masana suka ƙara karkata ga hanyoyin da ba na haɗiya ba, a matsayin ƙari ko zaɓi ga wanda damuwarsa ba ta yi tsanani ba.

Asalin horon tattara hankali

Tushen dabarar na komawa ga tsoffin al'adun zuzzurfan tunani na mabiya addinin Buddha a nahiyar Asiya. Wanda ya shigo da ita asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu, wanda a 1979 ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka domin masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya cire duk wani abu na bauta, ya bar atisayen hankali zalla, ya tsara shi a matsayin kwas na mako takwas da aka fi sani da MBSR. Ɗalibai na haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, a ba su aikin gida na minti 45 a rana, sannan a ware yini guda na atisaye wajen mako na shida.

Daga baya masana halayyar ɗan'adam uku, Zindel Segal na Kanada da Mark Williams da John Teasdale na Birtaniya, suka haɗa wannan tsari da jinyar gyaran tunani, suka fitar da wani kwas mai suna MBCT domin waɗanda ciwon damuwa ke yawan dawo musu. Gwajinsu na farko, wanda aka wallafa a shekarar 2000, ya ƙunshi mutum 145. A cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, kusan biyu cikin uku na waɗanda ba su yi kwas ɗin ba sun sake kamuwa, alhali a cikin waɗanda suka yi, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai. Tun 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince da shi domin hana ciwon dawowa.

Yadda yake aiki a zuciya

Mai ciwon damuwa yakan faɗa cikin wani irin tunani mai zagaye. Wata magana ta faɗo masa, misali cewa ya zama kaya a kan iyalinsa. Sai ya kama ta, ya nemo mata hujjoji, ya tuna fuskar ɗan'uwan da ya ɗaure jiya, ya hango ranar da kowa zai gaji da shi. Kafin a jima jikinsa ya mutu, ya ƙi cin abinci, wannan kuma ya ƙara tabbatar masa da abin da ya zata. A ganinsa neman mafita yake yi, alhali ƙara nutsewa yake.

Horon tattara hankali ba ya umartar mutum da ya kori tunanin, domin tunanin da aka kora da ƙarfi yakan dawo da ƙarfi. Abin da yake koyarwa shi ne mutum ya lura cewa tunanin ya zo, ya gane shi a matsayin tunani wanda zai iya zama gaskiya ko akasin haka, sannan ya mayar da hankalinsa kan wani abu tabbatacce da ke faruwa a lokacin, kamar shigar numfashi da fitarsa. Hankali zai sake zillewa, a sake dawo da shi ba tare da faɗa ba. Wannan dawowar ita ce atisayen. Da yawan maimaitawa, mutum kan fara gane farkon zagayen kafin ya yi nisa da shi.

Haka abin yake game da jin jiki. Ƙishirwa, ƙaiƙayi da zafin allura abubuwa ne na zahiri, amma a kan kowannensu zuciya kan ɗora nata kayan: tsoro, haushi, da tunanin cewa ba zai taɓa ƙarewa ba. Horon na taimakawa wajen sauke wannan kaya na biyu, ko da na farkon na nan.

Akwai kuma alamar cewa jiki ma na amsawa. A 2014 Jeanie Park da abokan aikinta a birnin Atlanta sun gwada wasu baƙaƙen fatar Amurka maza 15 masu hawan jini da ciwon ƙoda a mataki na uku. A cikin minti 14 na atisayen, jininsu da bugun zuciyarsu sun sauka, haka ma aikin jijiyoyin da ke ɗaga jini idan mutum ya firgita. Gwajin ƙarami ne kuma na ɗan lokaci, don haka bai zama dalilin ajiye maganin hawan jini ba.

Abin da bincike ya nuna

A tsakanin jama'a baki ɗaya hujjojin suna da ɗan ƙarfi. A 2014 wasu masana na Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka ga horon na rage fargaba da damuwa da raɗaɗi daidai gwargwado. A 2015 Willem Kuyken ya jagoranci gwaji a Birtaniya a kan mutum 424 masu yawan sake kamuwa da ciwon damuwa. Bayan shekara biyu, kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka yi kwas ɗin MBCT sun sake kamuwa, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, wato hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki.

A tsakanin masu ciwon ƙoda kuwa, gwaje-gwajen ƙanana ne. Mafi shahara shi ne wanda aka yi a birnin Montreal na Kanada, aka wallafa a 2017. Masu wanki 41 da ke da alamun damuwa ko fargaba aka kasa gida biyu. An riƙa zama da rukuni ɗaya a gefen kujerar wanki ana jagorantar su na minti 10 zuwa 15, sau uku a mako, har mako takwas. Kusan kashi 70 cikin 100 sun daure har ƙarshe, da yawa sun ce sun ji daɗin zaman, amma da aka auna makin damuwa ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba tsakaninsu da ɗaya rukunin. Wani gwajin da ya biyo baya a birnin ya kwatanta horon da wani shiri na wayar da kai kan lafiya, aka samu damuwa ta ragu a dukkan ɓangarorin biyu.

A 2019 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 33 a kan hanyoyin rage damuwa ga masu wanki ba tare da ƙwaya ba. Waɗanda suka fi samun goyon bayan hujja su ne jinyar gyaran tunani, motsa jiki, da dabarun sassauta jiki da zuciya.

Taƙaitaccen hukuncin da za a iya fitarwa shi ne masu ciwon ƙoda na iya yin horon kuma da yawa na jin sauƙi, musamman ta fuskar fargaba, amma matsayinsa na mataimaki ne. Wanda damuwarsa ta yi tsanani yana buƙatar ƙwararren likita tukuna.

Yadda ake yin sa

Atisayen farko shi ne na numfashi. Majinyaci zai zauna ko ya kishingiɗa yadda ya fi masa daɗi, ya rufe ido ko ya sunkuyar da kallonsa. Zai sa hankalinsa inda ya fi jin numfashi, a hanci ko a ciki, ba tare da ya ja shi da ƙarfi ko ya riƙe shi ba. Duk lokacin da ya farga hankalinsa ya tafi kasuwa ko wajen bashi, sai ya lura da inda ya je, ya dawo da shi. Minti biyar sun isa a makon farko, daga baya a kai goma ko sha biyar.

Na biyu shi ne bin sassan jiki da hankali. Ana farawa daga yatsun ƙafa a hau sannu a hankali zuwa ƙwauri, gwiwa, ciki, ƙirji, hannaye har zuwa kai, ana tsayawa a kowane wuri a ji abin da ke wurin, ɗumi ne ko sanyi, nauyi ne ko tsami, ko ma ba komai. Wannan ya dace da lokacin wanki da lokacin kwanciya barci.

Na uku gajere ne, na minti uku, wanda masu MBCT suka tsara domin lokacin da zuciya ta taso. A minti na farko mutum zai tambayi kansa wane tunani ke ransa, wane hali yake ji, kuma me jikinsa ke faɗa masa. A na biyu ya tattara hankalinsa kan numfashi kaɗai. A na uku ya faɗaɗa shi ya game dukkan jiki da wurin da yake zaune. Ana iya yin sa a layin ganin likita ko kafin a soka allura.

Akwai kuma wanda ya dace da mai fama da ƙishirwa. Maimakon ya kwankwaɗe ɗan ruwan da aka auna masa a tashi ɗaya, sai ya kurɓi kaɗan ko ya tsotsi ƙaramar ƙanƙara, ya bar sanyin ya zagaye bakinsa, ya lura da shi kafin ya haɗiye. Ƙanƙarar ma tana cikin lissafin ruwan yini.

Abin da malaman horon suka fi nanatawa shi ne dawwama. Minti goma a kullum sun fi awa guda sau ɗaya a mako, kuma ranar da hankali ya yi ta zillewa ba ranar asara ba ce.

Batun addini

Da yake asalin dabarar daga mabiya Buddha ne, wasu majinyata kan yi ɗari-ɗari da ita. Tsarin da ake koyarwa a asibitoci babu bauta a cikinsa, babu kiran sunan wani abin bauta, kuma ba a neman mutum ya gaskata wata aƙida. Lura ce da numfashi da jiki da tunani. Wanda ya ji shakka yana da damar ya tambayi mai koyarwa abin da darasin ya ƙunsa, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Halarto da zuciya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin malamai sun daɗe suna magana a kan natsuwa a cikin salla, da tafakkuri, da lura da saƙe-saƙen zuci. Tun a ƙarni na 10 Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan kula da lafiyar jiki da ta rai a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya kuma nuna cewa na biyun na da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Wasu masu jinya a ƙasashen Musulmi sukan bar majinyaci ya haɗa atisayen numfashi da zikirin da ya saba, kamar yadda Kirista kan haɗa shi da addu'arsa. Ciwon damuwa dai ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai yawan ibada da wanda ba shi ba, kuma neman maganinsa ba ya rage tawakkali.

Inda ya kamata a yi hattara

Duk da sauƙinsa, horon ba na kowa ba ne a kowane lokaci. Wasu kan ji fargaba ta ƙaru idan suka rufe ido suka yi shiru, musamman waɗanda suka taɓa shiga wani mummunan tashin hankali kamar hari ko garkuwa. Irin waɗannan gara su yi shi ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ido a buɗe, kuma a taƙaice. Mai taɓin hankali da ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, ba a fara masa sai da izinin likitansa.

Wanda ruwa ke taruwa a huhunsa zai iya jin tsoro idan aka ce ya lura da numfashi. Sai ya mayar da hankalinsa kan tafin ƙafarsa ko sautukan da ke kewaye da shi. Sarƙewar numfashi kuwa lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti. Haka nan a lokacin wanki, jiri, ciwon ƙirji, ɗaurewar tsoka ko zubar jini daga wurin allura abubuwa ne da za a gaya wa ma'aikacin jinya nan take, ba a zauna ana lura da su ba. Hannun da ke ɗauke da allura kuma ba a motsa shi.

Bai halatta majinyaci ya daina maganin damuwa ko ya rage shi da kansa don ya fara horon ba, domin yanke shi farat ɗaya na iya jawo matsala. Duk wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya ce zai daina wanki don ya huta da duniya, a kai shi ga likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Halin da ake ciki a Najeriya

Babbar damuwar mai ciwon ƙoda a wannan yanki kuɗi ne. Wani nazari da likitar ƙoda 'yar Kamaru Gloria Ashuntantang ta jagoranta a 2017 ya nuna cewa fiye da rabin manyan da suka fara wanki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina, akasari saboda rashin abin biya. An fara dashen ƙoda a Najeriya a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, amma kuɗin dashe da na magungunan bayansa sun fi ƙarfin mafi yawan iyalai. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Babu wani atisayen numfashi da zai biya wannan kuɗi, kuma kuskure ne a gaya wa wanda ya rasa kuɗin wanki cewa ya je ya kwantar da hankalinsa kawai.

Abin da ke hannun majinyaci da danginsa shi ne buɗe baki. Likitan ƙoda na iya tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ke manyan asibitocin koyarwa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Maiduguri da Kware a Jihar Sakkwato, inda ake samun likitoci da masana halayyar ɗan'adam. A farkon 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mai irin wannan lalura na samun kulawa ba tare da tsangwama ba.

Masu jinya a gida ma abin ya shafe su. Matar da ke raka mijinta wanki sau biyu ko uku a mako, ko ɗan da ya bar karatu yana bin mahaifiyarsa asibiti, su ma zuciyarsu na ɗaukar kaya, kuma atisayen minti ukun nan yana yi musu amfani a kan bencin jira. Idan dangi suka ga majinyaci ya shafe mako biyu ba ya son magana, ba ya cin abinci, ya daina tambayar labarin kasuwa ko na yara, ya kamata su ambata wa likita a ziyara ta gaba, kamar yadda suke ambata masa kumburin ƙafa.